Daga Ƙwaron Harvard Zuwa Bugzilla: Yadda Masu Manhaja Suka Koyi Tara Kurakurai

Yau za mu ɗan leƙa gonar masu ƙirƙirar manhajar kwamfuta, domin akwai tambayar da ta daɗe tana damunsu, wadda mu ma ta shafe mu: idan ka ba mutane kaɗan aikinka su gwada kafin ka fitar da shi, ina za ka riƙa tara kurakuran da suka gano?

A wurinsu gwaji hawa biyu ne, kuma sun ari sunayen daga haruffa biyu na farko na Girkanci. Gwajin alfa shi ne na cikin gida, gwajin beta kuwa shi ne wanda ake miƙa manhajar ga wasu zaɓaɓɓun mutanen waje su yi aiki da ita, su faɗi inda ta yi tangarɗa. Tangarɗar suna kiranta "bug" da Ingilishi, wato ƙwaro. Kalmar ta girmi kwamfuta, domin Thomas Edison ya yi amfani da ita a wata wasiƙarsa ta 1878, yana nufin ƙananan matsalolin da ke fitowa a sabuwar na'ura.

Ranar 9 ga Satumba, 1947, masu kula da kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka suka ga ta rikice. Da suka bincika sai suka iske wani ƙwaro, irin mai bin hasken fitila da dare, ya maƙale a makunni mai lamba 70. Suka ciro shi, suka liƙa shi da salatif a littafin rajistar aikinsu, suka rubuta lokaci, ƙarfe 3:45 na yamma, da wurin da aka same shi. Grace Hopper, wadda ke cikin ayarin masu aikin, ita ta yayata labarin daga baya, kuma shafin yana nan ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. Mutane sun fi riƙe ban dariyar labarin, amma mu abin da ya ja hankalinmu shi ne littafin. Guda ɗaya ne, kowa a nan yake rubutu, kuma a shafi ɗaya an samu lokaci da wuri da shaida.

Abin da rashin irin wannan rajista ke jawowa ya fito fili a labarin Therac-25, na'urar ƙona cutar daji da kamfanin AECL na Kanada ya ƙera. Tsakanin 1985 da 1987 ta zuba wa marasa lafiya aƙalla shida hasken da ya wuce kima, wasu suka rasa rayukansu. A watan Maris na 1986, a garin Tyler na jihar Texas, na'urar ta ƙona wani mutum, allonta ya nuna saƙon tangarɗa mai lamba 54. Injiniyoyin kamfanin suka zo suka gwada, matsalar ba ta sake fitowa ba, aka ci gaba da aiki. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna cewa an shaida wa asibitin babu labarin irin wannan a wani wuri, alhali an riga an samu a Georgia da Ontario. Bayan mako uku na'urar ta ƙona mutum na biyu, kuma dukansu biyu sun rasu.

Wanda ya warware kullin shi ne masanin fiziya na asibitin, Fritz Hager. Ya zauna da matar da ke sarrafa na'urar suka bi abin da ta yi daki-daki, har suka gano cewa idan aka shigar da umarni aka gyara shi da sauri, cikin kimanin daƙiƙa takwas, sai na'urar ta rikice. Hannunta ya saba da aikin, tana bugawa da sauri, su kuwa masu gwajin a hankali suke bi. Da aka san matakan, sai ya zamana ana iya fito da kuskuren duk lokacin da aka so. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Wannan ba a gwajin beta ya faru ba, amma darasinsa ya shafi kowane gwaji: rahoton da bai faɗi yadda za a sake ganin kuskuren ba, amfaninsa kaɗan ne, haka ma rahotannin da suka warwatsu ba wanda ya haɗa su.

Da intanet ta haɗa masu gwaji daga ƙasashe daban-daban, littafin takarda ya daina isa. A 1994 Ian Jackson ya rubuta wa aikin Debian wani tsari mai amfani da imel. Ka aika rahoto, tsarin ya ba shi lamba, duk wata magana a kan wannan kuskure ta taru ƙarƙashin lambar. Har yau Debian na amfani da shi. A 1998 kuma, da kamfanin Netscape ya buɗe wa duniya asalin rubutun manhajarsa ta shiga intanet, Terry Weissman ya rubuta Bugzilla. Ita ta yaɗa tsarin da aka saba da shi yanzu, inda kowane kuskure yake da mai alhakin gyara shi da kuma matsayinsa: sabo ne, an ba wani, an gyara, ko maimaicin wanda aka riga aka kawo ne. Zuwa 2014 lambobin rahotanni a Bugzilla ta Mozilla sun kai miliyan ɗaya.

Daga nan kayan aiki suka yawaita. Kamfanin Atlassian na Ostareliya ya fito da Jira a 2002, sunan daga Gojira yake, yadda Japanawa ke kiran dodon nan Godzilla, wato tsokanar Bugzilla ce. GitHub ya ƙara nasa sashen rahotanni a 2009. Sai dai irin su Jira sun fi dacewa da ayari mai yawan jama'a. Idan masu gwajinka goma ne, ka ce kowa ya buɗe asusu ya cike gurabe barkatai kafin ya faɗi abin da ya gani, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Da yawansu za su yi shiru, kai kuma ka ɗauka aikinka lafiya lau yake.

Joel Spolsky, wanda ya taɓa aiki a kan Excel a Microsoft, ya yi wannan magana tun shekarar 2000. A ganinsa jadawali mai gida biyar ya isa a fara: matakan da za a bi a sake ganin kuskuren, abin da aka zata zai faru, abin da ya faru, wanda aka ɗora wa gyara, da ko an gyara ko ba a gyara ba. Ya kuma ce wanda ya kawo rahoto shi ya kamata ya rufe shi, bayan ya tabbatar da idonsa. Mai gyara kan yi saurin yarda da kansa.

Idan muka haɗa wannan tarihi, zaɓin ƙaramin gwaji ba shi da wuya. A bar masu gwaji su kawo rahoto ta hanyar da ta fi musu sauƙi, ko imel ko saƙon waya, amma a samu mutum ɗaya da zai kwashe komai ya zuba a wuri ɗaya, ya ba kowanne lamba, ya koma ya tambayi wanda bayaninsa bai cika ba. Ranar da jadawalin ya fara rikicewa, ana gyara abu ɗaya sau biyu ko ana manta wani, ranar ce ta komawa babban tsari.

Mu ma haka muke ba abokai rubutunmu su duba kafin ya je maɗaba'a, har Turawa sun ari kalmar beta suna kiran irin waɗannan makaranta da ita. Wannan ya turo gyara ta WhatsApp, wancan ya faɗa da baki, wata ta aiko saƙon murya, ƙarshe littafi ya fito jarumar da ta fara da suna Hadiza ta koma Halima a babi na tara. Mu buɗe jadawali ɗaya mai shafi da layi, abin da aka gani, abin da ya kamata, da ko an gyara. Wanda ya ce mana labarin yana da rauni, mu gode masa, sannan mu roƙe shi ya nuna mana shafin da ya fara jin haka.