Daga Gasar Kashe Tsuntsaye Zuwa Gasar Ƙirga Su

Shekaranjiya wani aboki ya turo min bidiyon wasu mutane a wata ƙasar waje, sun jera matattun tsuntsaye a kan bonet ɗin mota, sun fi ɗari, suna ɗaukar hoto suna shewa. A ƙasan bidiyon mutanenmu sun kaure da musu. Wasu na cewa zalunci ne, wasu kuma na cewa ai wannan kukan "haƙƙin dabbobi" iyayin Turawa ne, mutanen da suka ƙoshi suka rasa abin yi. Na so in tsoma baki a can, sai na ga maganar ta fi ƙarfin layi biyu. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Bari in fara da laifin kaina. Muna yara, ni da danƙona ba ma rabuwa. Kurciya dai muna gasawa mu ci, amma akwai ƙananan tsuntsayen da ba su da naman da zai cika baki, muna harbo su ne kawai don a ce wane ya iya saiti. Wata rana kakata ta ga na jefar da wani a bayan danga, ta ce, "Kai ɗan nan, me ya tsare maka?" Na rasa amsa, har yau kuma ban samo ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Turawan nan da ake cewa suna iyayi, kakanninsu sun fi kowa ɓarna a wannan fage. A wasannin da aka shirya lokacin gasar Olympics ta Paris a 1900, har da gasar harbin tattabaru masu rai. A buɗe akwati, tattabara ta tashi, a ɗirka mata harsashi. An kashe kusan 300, wani ɗan Beljiyam mai suna Léon de Lunden ya zo na ɗaya da guda 21. A Amurka kuwa akwai al'adar ranar Kirsimeti: mutanen gari su kasu gida biyu, su shiga daji da bindigogi, ɓangaren da ya fi tara gawar tsuntsaye da ƙananan dabbobi shi ya ci.

A wannan zamanin ne Amurka ta yi asarar da ba ta da gyara. Suna da wata irin tattabarar daji da masana suka ƙiyasta yawanta ya kai biliyan 3 zuwa 5. Idan garkensu ya taso sai sama ta yi duhu. Kowa ya ɗauka ba za su taɓa ƙarewa ba. Da layin dogo da wayar tangaraho suka zo, sai maharba suka riƙa samun labarin inda suka sauka, su kashe su a cika ganguna a kai kasuwannin birane, wasu kuma a kama su da rai a kai filin gasar harbi. Ga saran dazuzzukan da suke kwana. Ranar 1 ga Satumba 1914, ta ƙarshe a duniya, wadda ake kira Martha, ta mutu a gidan zoo na Cincinnati. Daga biliyoyi zuwa babu, cikin abin da bai wuce tsawon ran mutum ɗaya ba.

To su waye suka tashi suka ce ya isa? Yawancinsu mata ne, kuma a lokacin ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa. A 1889 wata mata, Emily Williamson, ta tara ƙawayenta a gidanta da ke Didsbury ta Manchester, suka yi alƙawarin ba za su ƙara sa hula mai gashin tsuntsu ba. Yayin da ake yi ke nan a lokacin, ana kashe wasu fararen tsuntsayen ruwa dangin balbela a daidai lokacin da suke renon 'ya'ya, domin a sannan gashinsu ya fi kyau, a bar 'ya'yan su mutu da yunwa a sheƙa. A 1891 ƙungiyarta ta haɗe da ta wasu matan na Croydon, cikinsu har da Etta Lemon, ita ce ta zama RSPB ta yau. An yi musu dariya, 'yan kasuwar gashi sun yaƙe su, sai da aka shekara 32 kafin majalisar Ingila ta hana shigo da gashin a 1921. A shekarar ce kuma ta haramta gasar harbin tsuntsayen da aka tsare a akwati.

A Amurka ma haka. A 1896 Harriet Hemenway da 'yar'uwarta Minna Hall suka kafa ƙungiyar Audubon ta Massachusetts, ta hanyar gayyato matan attajiran Boston shan shayi suna lallashinsu. Kada ku ɗauka abin ya tsaya a shan shayi. A 1905 aka harbe wani mai gadin tsuntsaye, Guy Bradley, a kudancin Florida lokacin da ya je kama masu farautar gashi, wanda ya harbe shi kuma ba a hukunta shi ba. A 1918 aka samu dokar kare tsuntsaye masu ƙaura, wadda har yanzu take aiki.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Frank Chapman, wani masanin tsuntsaye a New York. Bai tsaya zagin masu gasar Kirsimeti ba. A 1900 ya ce a fita dajin kamar yadda aka saba, amma a ƙirga tsuntsayen maimakon a kashe su. Mutum 27 ne suka amsa kiran, a wurare 25. Yau shekara fiye da 120 ana yin wannan ƙidaya duk shekara, dubban mutane ke fita, kuma masana na dogara da alƙaluman wajen gane wane tsuntsu ke raguwa. Ya bar wa mutane fitarsu da nishaɗinsu da gasarsu, bindigar kawai ya cire.

Sai kuma Rosalie Edge. Akwai wani tsauni a jihar Pennsylvania da shaho da gaggafa ke bi idan suna ƙaura. Maza su hau kan duwatsu su yi ta harbo su don nishaɗi, hukuma ma tana biyan dala 5 kan wani nau'in shaho. Da matar nan ta ga hotunan gawarwakin, a 1934 ta karɓi hayar wajen eka 1,400 na tsaunin, ta sa wani matashi Maurice Broun da matarsa Irma suka tsare hanya. Harbi ya tsaya. Ƙidayar da suka fara a wurin ce Rachel Carson ta kafa hujja da ita a littafinta na 1962 kan illar maganin ƙwari na DDT.

Za ku ce ina ruwanmu da tarihin Turawa? Ruwanmu shi ne, tsuntsu ba ya da fasfo. Kurciyar Turai da salwa da agwagin ruwa iri-iri suna tsallako Bahar Rum da Sahara duk shekara, su yi lokacin sanyi a yankinmu na Sahel. Dausayin Haɗeja zuwa Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, yana cikin manyan masaukansu, shi ya sa a 2000 aka sa wani sashensa a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tsuntsun da ya ci ya sha a fadamarmu, shi ne ake tarewa da bindiga a hanyarsa ta komawa yin ƙwai. A tsibirin Malta har ƙuri'ar raba gardama aka yi a kan wannan a Afrilun 2015, masu son a ci gaba da harbin suka yi nasara da kashi 50.4 cikin ɗari, tazarar ƙuri'a dubu biyu da 'yan kai. A shekarar aka sa kurciyar Turai cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana. Da Faransa da Sifaniya da Portugal suka dakatar da farautarta a 2021, cikin 'yan shekaru ƙidaya ta nuna ta fara ƙaruwa.

Na san abin da wani zai ce: manomin da jan-baki ya cinye wa gero ko shinkafa fa? Wannan magana ce ta gaskiya, kuma daban take. Wanda ke kare gonarsa, da wanda ya harbo fakara don a sa a miya, ba su nake nufi ba. Ina magana ne kan kisan da ba ya da dalili sai a ji daɗi ko a ɗauki hoto. Kuma mu Musulmi ba sai Bature ya koya mana wannan ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Umar ya iske wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada saiti a kansa, ya tsawatar, ya sanar da su cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Wannan ya riga dokar Ingila da shekara fiye da dubu.

Mu ma muna da namu darasin a gabanmu. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san yadda ungulu ke cika mayanka da kasuwa. Yaushe rabonka da ganin ko guda biyar a wuri ɗaya? Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da masu neman sassan jikinta don tsibbu. Mu ma da mun ɗauka ba za ta taɓa ƙarewa ba.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. In ka ga irin bidiyon nan, kada ka yaɗa shi da alamar dariya. In ka ga yaro da danƙo yana bin tsuntsun da ba zai ci ba, ka yi masa tambayar kakata. Ni dai na sa nawa yaran sun fara rubuta sunan duk tsuntsun da ya sauka a bishiyar ƙofar gidanmu, kuma tuni suka fara musu a kan wanda ya fi ganin da yawa. Wane tsuntsu ne kuka saba gani kuna yara wanda yanzu kuka daina gani a garinku? Ku faɗa min a ƙasa, da sunan garin.

Allah Ya sa mu zama masu tausayin halittunSa.