Ido da Hannu: Yadda Makaɗa Ke Magana Ba a Ji

Jama'a, wanda ya taɓa kai shanu ko kaya Yawunde ya san kasuwar Mokolo da maƙwabciyarta, unguwar Briqueterie, wadda ake gajarta wa Birik. Daga masana'antar bulo ta samo sunan, kuma Hausawa fatake ne suka raya ta, ga babban masallaci, ga teloli, ga masu tsire. To, in biki ya faɗo a Birik aka ɗauko makaɗa, ku bar kallon masu liƙi, ku dubi idon 'yan amshi. A kan mawaƙi yake, ko ƙiftawa ba sa son yi.

Dalili kuwa, waƙar baka ba a rubuce take ba. Mamman Shata na Musawa, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a. Yaya mutum shida ko bakwai za su bi wanda shi kansa bai gama sanin baitin gaba ba? Da alama ake yi. Mawaƙi ya sauke murya ko ya waiwayo, amshi ya shigo. Ya ɗaga hannu ya sauke, kiɗa ya tsaya cak. Ƙaramar ganga irin kuntuku ita ke riƙe da lokaci, uwar kalangu kuma ta yi ta yawonta ta dawo ta tarar da ita. Makiyayi ba ya buƙatar bayani a nan, ai da fito da ɗaga sanda yake juya garke.

Kalangu dai asali kiɗan mahauta ne, kuma yana kwaikwayon hawa da saukar muryar Hausa. Shi ya sa makaɗi kan hango wani attajiri ya shigo, sai ya buga takensa, mawaƙi ya gane ba tare da ya juya ba. Maroƙi kuma yana gefe, yana nuna mutum yana faɗin sunansa da na mahaifinsa. Nan fa abincin yake. A tsallake sunan dillalin da ya zo da jaka hamsin a aljihu, ko a wasa shi da kirarin abokin gabarsa, an yi asara, wani lokaci har da rigima.

Agogo daga baya ya shigo harkar. Faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da kamar minti 3 a fuska ɗaya, alhali mawaƙi ya saba kwana yana abu guda. Rediyo ya ƙaro jar fitila da ma'aikaci a bayan gilashi, yana juya yatsa, wato a naɗe tabarma. Ɗanmaraya Jos, da yake shi kaɗai ne da kuntiginsa, ba wanda zai yi wa alama, amma fitilar nan dole ya kalle ta.

A Amurka ma sun yi fama da matsalar. James Brown kan watsa yatsu biyar ga makaɗin da ya yi kuskure ana tsakiyar wasa, ma'ana an ci shi tarar dala 5. Walter Thompson ya fara tsara alamun hannu a 1974, Butch Morris kuma ya fito da nasa tsarin a birnin Niyok a 1985, kowace alama da ma'anarta, ana koyar da su kamar darasi. Namu ba a taɓa rubuta su ba. Yaro yana ɗaukarsu ne a shekarun da ya yi yana amshi a bayan maigida.

A ganina nan ne damuwar take. Yanzu bukukuwa da yawa, daga Birik har Garwa da Mubi, da kiɗan da aka riga aka haɗa a kwamfuta ake yin su. Na'ura ba ta ganin hannu, ba ta san Alhaji ya shigo ba. Mawaƙi ne ke bin ta, in baitin ya fi kiɗan tsawo sai ya datse sunan mutum ya wuce.