Na Goro a Gidan Mai: Tukuici Ne ko Toshiyar Baki?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisun Sabo, musamman tsakanin direbobi da 'yan acaba da masu motocin gida. In yaron gidan mai ya zuba maka mai, ya kamata ka bar masa wani abu ko kuwa? Wasu na cewa ai aikinsa ne, albashi ake biyansa, kuma da wannan tsadar wa ke da rarar bayarwa? Wasu kuma na cewa haba, mutum ya wuni a tsaye cikin rana yana shaƙar warin fetur, ɗari biyu ba za ta talauta ka ba. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Amma in muka waiwayi tarihin unguwar nan, za mu tarar iyayenmu sun daɗe da raba irin wannan gardama. Duk kuɗin da ke fita daga hannu zuwa hannu sun raɗa masa sunansa, kuma daga sunan ake gane mai tsabta da mara tsabta.

Sabon Ibadan dai an kafa ta ne a 1916. Kafin nan Hausawa na zaune a warwatse cikin gari tare da masu masaukinsu Yarbawa. Abin da ya cika unguwar da jama'a shi ne fatauci. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, layin dogo ya kai Kano a 1911, sai shanu suka riƙa gangarowa Kurmi, goro kuma yana hawa Arewa. Baƙon da ya zo da shanu bai san mahautan gari ba, ba ya jin Yarbanci, kuma yawancin cinikin bashi ne. To wa zai tsaya masa? Mai gida. Shi ke saukar da shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalansa, ya kuma ɗauki nauyin karɓo bashin. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 zuwa 1963, ya rubuta yadda wannan tsari ke tafiya. Abin da ke riƙe da tsarin gaba ɗaya shi ne amana da la'ada.

La'ada haƙƙi ce. An san ta tun kafin a sallama ciniki, an san mai biya, an san mai karɓa. Wanda ya hana dillali la'adarsa ya ci haƙƙi, ana iya kai ƙararsa gaban manya. Ba wanda ke kiran la'ada kyauta, kamar yadda ba a kiran ladan ɗan dako ko na wanzami kyauta. Aiki ne aka yi, aka biya.

Tukuici kuwa daban yake. Asalinsa, in an aiko maka yaro da kyauta, ko da ƙwaryar fura ce, sai ka ɗan ba ɗan aiken wani abu ya ji daɗin komawa. Shi ya sa ake cewa yaba kyauta tukuici. Abu biyu ne suka bambanta shi da sauran: bayan an gama ake ba da shi, kuma ba a yanke masa farashi. Yaron da ya tsaya yana cinikin tukuici, a gida za a ji labarin rashin tarbiyyarsa. Babban mutumin da ya saba sallamar ɗan aike hannu rabbana, shi ma za a san shi da rowa. Kunya ce ke tsare ɓangarorin biyu, ba alƙali ba.

Sai kuma gyara, wadda ita daga mai sayarwa take fitowa. Ka sayi mudun gero, a ƙara maka tafi ɗaya. Ka sayi tsire a bakin titin Sabo, mai nama ya yanko maka 'yar tsoka ya ce ga gyara. Kalmar ta yi farin jini har maƙwabtanmu suka are ta, yau ko'ina a kasuwannin Kurmi za ka ji ana neman "jara". Wannan na nuna cewa a cinikinmu na gargajiya alheri ba hanya ɗaya yake bi ba. Mai saye na yi, mai sayarwa ma na yi.

Shi kuwa goro, shi ne ya zama sunan duk wata ƙaramar kyauta. Tun zamanin da fatake ke tafiya Gwanja da jakuna suna ɗauko shi, goro abu ne mai daraja, har irin da ake nomawa a ƙasar Yarbawa su Agege da Shagamu suna kiransa "gbanja", sunan can inda aka san shi da farko. Da goro ake gayyatar ɗaurin aure da suna. Mai kawo labari mai daɗi a ba shi goron albishir, yara su zo gaisuwa a ba su goron sallah. Da tafiya ta yi nisa sai kuɗi suka maye gurbin goron, sunan ya zauna. A nan ne fa aka sami matsala, don kalma mai daɗi ce, sai masu cin hanci suka fake a bayanta. Mai riƙe da takardarka a ofis ya ce sai ka ba da na goro. Mai shinge a hanya ya ce ina na goro. Iyayenmu suna da sunan wannan tuntuni: toshiyar baki. Yarbawa na ce masa "egunje". Alamarsa ita ce kafin aiki ake ba da shi, kuma in ka duba da kyau akwai wani a gefe da ake zalunta.

To ina gidan mai ya faɗo cikin waɗannan huɗun?

Gidajen mai sun bazu a ƙasar nan ne tare da bazuwar motoci, a hannun kamfanonin Turawa irin su Shell da Mobil da BP da Texaco da Esso. Total ta buɗe gidan manta na farko a Yaba, Ikko, a 1956. Dattawan direbobinmu na ba da labarin cewa a wancan zamani in ka tsaya shan mai, yaro zai goge maka gilashi, ya duba ruwan lagireto da baƙin mai, ya taɓa tayoyi. Kun ga wannan ita ce gyarar gidan mai. Direba kuma in ya ji daɗi ya miƙa masa taro ko sisi, tukuici ke nan tsantsa. Da naira ta shigo ranar 1 ga Janairun 1973, litar fetur ba ta kai kwabo 10 ba. A 1978, shekarar da aka buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Ibadan, ta koma kwabo 15 da 'yan kai. Mai na da arha a lokacin.

Wahalar mai ce ta juya al'amarin. Bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 da tsare Abiola, ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, suka shiga yajin aiki a watan Yulin 1994, aka yi kusan wata biyu ana fama. Mu da ke wannan yanki mun fi kowa ɗanɗana kuɗarmu. Daga nan har ƙarshen shekarun mulkin soja, kwana a layin mai ya zama ruwan dare. Yaron da jiya yake goge maka gilashi, yau ya zama sarki. Sai an ba da na goro a buɗe maka ƙofar baya. Sai an biya kuɗin jarka kafin a zuba a jarka. Da dare a ce mai ya ƙare, da safe ka gan shi a galan-galan wurin 'yan bumburutu a bakin titi, farashi ninki biyu ko uku. Wanda ya ba da kuɗi ya tsallake layi, ɗan acaban da ya zo tun asuba ya koma gida da tankinsa wayam. Suna dai na goro ne, amma abin da ke ciki toshiyar baki ce. Masu cewa ba za su taɓa ba yaron gidan mai ko kwabo ba, yawancinsu wannan tabon ne bai warke musu ba, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Sai kuma farashi ya zo ya ƙarasa sauran. A Janairun 2012 lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, bayan zanga-zanga aka dawo da ita 97. A 2016 ta zama 145. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka yi shelar janye tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta kusan ninka uku, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Yanzu ba mai cewa a cika tanki sai ɗaiɗaiku. Na dubu uku, na dubu biyar, daidai kuɗinka daidai manka, babu canjin da za a ce a riƙe. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa kowa biya da kati ko tura kuɗi ta waya, wannan ma ya sake kashe canji. Gyarar goge gilashi ta ɓace, a wasu wuraren ma tauye lita ake yi, har hukuma kan rufe gidajen da ta kama. Mai saye na zargin mai zubawa, mai zubawa na ganin mai saye marowaci.

Amma mu tsaya mu dubi shi yaron, ko yarinyar, don a Ibadan mata da yawa ke wannan aiki. Ba shi ke yanke farashi ba, kuma ba lallai ne shi ya taɓa mita ba. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan gidajen mai da yawa a nan suke faɗawa. A wurare da dama in lissafin yini bai cika ba, ko wani ya biya da jabun kuɗi, daga ɗan albashin nasa ake cirewa. Wannan shi ne mutumin da muke gardama a kan ɗari biyunsa.

Wasu ƙasashen ma sun sha wannan muhawara. A Amurka, bayan yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865, kamfanin jiragen ƙasa na Pullman ya ɗebi baƙaƙen fata da aka 'yanta daga bauta aikin hidimar fasinja a kan albashi kaɗan, aka bar su su cike gurbin da abin da fasinja ya miƙo. Al'adar ta kafu har ta zama kamar dole. Yau dokar tarayyarsu ta yarda a biya mai hidima a gidan abinci dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, don an ɗauka masu cin abinci za su cika sauran. A gidan mai kuwa yawancinsu da kansu suke zubawa, ban da jihar New Jersey da ta hana hakan tun 1949. A Afirka ta Kudu ma'aikaci ke zubawa kamar nan, yana goge gilashi ya duba iskar taya, kuma an saba a ba shi ɗan wani abu. A Japan kuwa ba a san al'adar ba sam. Darasin Amurka shi ya fi shafar mu: duk ranar da tukuici ya zama wajibi, mai gida ne ke cin riba, don ya sami hujjar rage ladan yaronsa. Iyayenmu da suka raba la'ada da tukuici sun san abin da suke yi.

Akwai kuma abin da bai kamata mu manta ba, mu mazauna Kurmi. A wannan harka mun fi yawa a ɓangaren masu karɓa. Maigadin da ke buɗe ƙofa a Bodija, mai wankin takalmi da ke zagaye da akwatinsa a Dugbe, ɗan garuwa, mai yankan farce, ɗan dakon da ke sauke buhunan albasa da tumatir, yawancinsu 'yan'uwanmu ne. Da yawansu abin da ake ɗora musu a kan ladansu ne ke sa su iya aika wani abu gida a ƙarshen wata, kuma masu ɗorawar galibi Yarbawa ne. In mun ji daɗi an yi wa namu, to mu ma idan muka tsaya a famfo gaban ɗan masu gari, dama ce ta ramawa. Zaman baƙunta na sama da shekara ɗari ba yarjejeniyar sarakuna kaɗai ta riƙe shi ba, har da irin waɗannan ƙananan abubuwa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Saboda haka ga yadda muke ganin ma'aunin iyayenmu zai yi aiki a yau. In an zuba maka mai cikin mutunci, lita ta cika, kana kuma da hali, ka ba da abin da ya sauwaƙa bayan an rataye famfo. Tukuici ne, kuma ka kyauta. In ba ka da shi, sannu da aiki da sakin fuska sun wadatar, ba wanda ke bin ka bashi, kada kuma yaro ya ɓata rai. In ana layi aka ce ka ba da wani abu a shigar da kai ta baya, ka sani haƙƙin na bayanka za ka saya, kuma malamanmu ba su bambanta mai bayarwa da mai karɓa ba a wannan babi. Su kuma 'yan'uwanmu da Allah ya hore wa gidajen mai ko tankoki, a Ibadan ko a Ogere ko a Arewa, nasu nauyin ya fi na kowa: su biya yaransu lada cikakke a kan lokaci, kada su bar su suna zura ido kan aljihun direbobi. Idan albashi ya tsaya da ƙafarsa, mita ta faɗi gaskiya, na goro zai koma ma'anarsa ta asali. Allah ya sa mu dace, ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu.