Ƙungiyoyi da Tarihin Makarantar Firamare a Ƙasar Kachia

Da an ce ƙungiya mai zaman kanta, abin da ke zuwa mana a rai shi ne farar mota mai tambari a ƙofa da taron bita a otal a Kaduna. Amma a nan kudancin Kaduna, ƙungiya ta riga gwamnati yaɗa makaranta a ƙauyuka.

Mishan ɗin SIM ya kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya ya sauka Kagoro. Da jirgin ƙasa ya iso Kafanchan wajen 1927, harka ta ƙara buɗewa, Katolika ma suka shigo da ƙarfinsu. Turawan mulki sun taka wa mishan birki a manyan biranen sarakunan Musulmi, amma a ƙasar Jaba da Bajju da Atyap sun sakar masa mara. Abin lura, da Hausa aka koya wa yawancin yaran nan karatu, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Harshenmu ya shiga aji, 'ya'yanmu suna waje.

Kada mu yi saurin zargin kakanninmu. A lokacin, ɗakin da ake karatu ranar Litinin sau da yawa shi ne majami'a ranar Lahadi, uba kuma yana da hujjar ya tsaya ga makarantar allo. Sai dai an biya kuɗin wannan tsayawa: malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da akawu na farko a yankin, galibinsu daga maƙwabtanmu suka fito.

Maganin ma daga ƙungiyoyi ya zo. An kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, Izala a Jos a 1978, FOMWAN a Minna a 1985. Su da irinsu suka yaɗa Islamiyya mai allo da benci da jarrabawa, wadda ta sa iyaye da dama suka saki jiki, har suka bar 'ya'ya mata suka zauna a aji.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, sannan aka ƙaddamar da UPE a 1976. Yara sun cika azuzuwa, wannan alheri ne babba. Amma makarantar da a da take da mai ita a cikin gari, wanda iska in ta yaye kwano shi za a tuhuma, ta koma ta ofis mai nisa. A ganinmu daga nan ɓarakar ta soma.

Makiyayan Ladduga labarinsu daban ne. Sai a 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, mai hedikwata a Kaduna, ƙungiyoyi kamar Pastoral Resolve kuma suka yi aiki da mutanen wurin. Bayan rikicin zaɓen 2011, iyalai da yawa sun kwararo Ladduga da yaransu, azuzuwan da ke akwai suka yi kaɗan.

Daga 2008 shirin ESSPIN, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ya yi amfani da ƙungiyoyin cikin gida wajen horar da kwamitocin kula da makarantu, wato SBMC, a Jihar Kaduna. In ka duba da kyau, ƙoƙari ne na mayar wa makaranta mai ita: liman da fasto da mai unguwa da uwaye su zauna su tambayi dalilin da malam bai zo ba. Sai dai ƙungiya tana iya sayen alli da gyara rijiya, albashin malami da ɗaukarsa aiki kuwa na gwamnati ne. Shirin ya kammala a 2017, shekarar da gwamnatin Nasiru El-Rufai ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Kwamitocin suna nan a takarda har yau. Wa ke cikin na makarantar unguwarku, kuma yaushe rabonsu da zama?