Sarki Faisal da Takunkumin Man Fetur na 1973



A ranar 6 ga Oktoban 1973, daidai da 10 ga Ramadan 1393, Masar da Siriya suka afka wa sojojin Isra'ila domin ƙwato yankunansu da aka mamaye a 1967. Amurka ta shiga yi wa Isra'ila jigilar makamai ta jiragen sama, Shugaba Nixon kuma ya nema mata tallafin dala biliyan 2.2. Ganin haka, Sarki Faisal na Saudiyya, wanda ya daɗe yana yi wa Amurka gargaɗi, ya haɗa kai da sauran ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, suka daina sayar mata da fetur.

Cikin wata uku farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan 12. Motoci suka yi dogayen layuka a gidajen man Amurka, sakataren harkokin wajenta Kissinger ya yi ta zarya tsakanin biranen Larabawa yana neman sulhu.

An janye takunkumin a Maris 1974, alhali Ƙudus tana hannun Isra'ila. A ranar 25 ga Maris 1975 ɗan ɗan'uwan Sarkin ya harbe shi a Riyadh, bai cika burinsa na yin salla a Masallacin Aƙsa ba.

Ku lura, man yana nan tun kafin 1973, bai kuma ƙare bayanta ba. Haɗin kan wata biyar ne ya mayar da shi makami. Da maɗaurin tsintsiyar ya kwance, sai shara ta gagara.

Allah Ya jiƙan Sarki Faisal, Ya haɗa kan Musulmi a kan gaskiya.