Sanyo: Tashe da faɗuwar wani kamfanin Japan

A shekarun 1970 da 1980, rediyo mai kaset ƙirar Japan na cikin kayan da magidanci ke alfahari da su a Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa, waɗanda a lokacin suke cikin jihar Kano.

Daga kasuwannin Kano ake sayo su, kuma da su ake sauraren Rediyon Kaduna, da tafsirin watan azumi, da waƙoƙin Mamman Shata. Sanyo na cikin sunayen da aka sani, tare da National da Sharp.

Asali

Toshio Iue, ƙanen matar Konosuke Matsushita mai kamfanin National, shi ne ya kafa Sanyo a 1947. Ma'anar sunan ita ce tekuna uku, domin burinsa shi ne kayansa su kewaye duniya.

Da fitilar keke kamfanin ya fara. A 1952 ya fito da rediyo mai jikin roba, sannan injin wanki a 1953, daga bisani kuma ya shahara wajen ƙera batura masu caji.

Koma baya

Kamfanonin Koriya ta Kudu da China masu kaya da rahusa sun riƙa ƙwace masa kasuwa. A watan Oktoban 2004 kuma girgizar ƙasa ta lalata masana'antarsa da ke Niigata.

Asarar da ta biyo baya ta sa a 2006 ya karɓi jarin yen biliyan 300 daga Goldman Sachs da wasu cibiyoyin kuɗi biyu na Japan, abin da ya rage ikon iyalan Iue.

Panasonic, wato tsohon kamfanin Matsushita, ya sayi fiye da rabin hannayen jarinsa a 2009, kuma ya mallake shi baki ɗaya a 2011. Sashen firji da injin wanki ya koma hannun Haier na China, wanda 'yan Nijeriya suka sani ta Haier Thermocool.

A arewacin Nijeriya

Faɗuwar darajar naira tun daga 1986 ta sa kayan Japan suka fi ƙarfin talaka, sai ya koma ga na hannu da na China. Wayar salula, wadda ta shigo a 2001, ta ƙarasa binne kaset, amma rediyo na nan daram a karkara.