Gran Kanariya: Tarihin Da Ke Ƙarƙashin Yashin Masu Hutu



Duk wanda ya taɓa ganin tallar zuwa hutu a tsibirin Gran Kanariya, abin da ake nuna masa bai wuce tuddan yashin Maspalomas da shuɗin teku da manyan otal-otal ba. Turawa kan gudu daga sanyin ƙasashensu su je can shan hantsi, domin wurin ba zafi ba sanyi kusan duk shekara. Tsibirin na ƙasar Sifaniya ne, amma idan muka duba taswira za mu ga yana gefen Afirka. Ɗaya ne daga cikin tsibiran Kanari, waɗanda mafi kusa a cikinsu kimanin kilomita 100 ne tsakaninsa da gaɓar Maroko. Har hazon Sahara irin wanda muke sha da hunturu yana kai musu, a Fabrairun 2020 ma sai da ya hana jiragen sama tashi.

Mutanen da suka fara zama a can daga Arewacin Afirka suka fito, Amazig ne, wato dangin Buzayen da muka sani. Rubutun da suka bari a jikin duwatsu tushensa ɗaya da Tifinag, rubutun Buzaye. Suna noman sha'ir, suna kiwon awaki, suna soya hatsi su niƙa gari, wanda har yau ake ci da sunan gofio.

A 1478 mayaƙan Sifaniya ƙarƙashin Juan Rejón suka sauka, suka kafa sansanin da ya zama birnin Las Palmas. Shekara biyar ana gwabzawa. An kama sarkin Galdar, Tenesor Semidán, aka kai shi Sifaniya aka yi masa baftisma, ya dawo yana lallashin mutanensa su miƙa wuya. A Afrilun 1483 tsibirin ya faɗi. Wasu aka sayar da su bayi, wasu cuta ta kashe, saura suka saje da baƙi har harshensu ya ɓace.

Daga nan sai noman rake ya shigo, aka riƙa kawo bayi daga Afirka suna aiki a gonaki da wuraren matse shi. Kolombas ya tsaya a tsibiran a 1492 ya gyara jirginsa, kuma a tafiyarsa ta 1493 daga nan ya ɗauki irin rake zuwa nahiyar Amurka. Ke nan tsarin rake da bayi da ya cinye miliyoyin 'yan Afirka, an gwada shi a irin waɗannan tsibirai kafin ya haye teku.

Harkar masu yawon buɗe ido kuwa ba ta daɗe ba. Kafin shekarun 1960, kudancin tsibirin gonakin tumatir ne da ƙauyukan masunta. Sai aka yanka filayen aka gina otal-otal, har ya zama yau miliyoyin baƙi ke zuwa duk shekara. Abin ya kai ga a Afrilun 2024 dubban mazauna tsibiran sun fita zanga-zanga kan tsadar haya da cunkoso.

Akwai kuma baƙin da ba a sa su a talla. A 2006 mutum sama da 31,000 suka isa tsibiran Kanari cikin kwale-kwale daga gaɓar Afirka ta Yamma. A Nuwamban 2020 an tara fiye da 2,000 a kan dakalin tashar ruwa ta Arguineguín, ba nisa da Maspalomas. Da yake annobar korona ta kori masu hutu, sai aka zuba da yawansu a ɗakunan otal ɗin da babu kowa. Waɗanda teku ta ci a hanya kuwa, Allah kaɗai Ya san iyakarsu.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan tarihi shi ne, hoton bakin teku yana ruɗar matasanmu, ba ya nuna wanda aka tarba da murmushi da wanda aka tsare a dakali. Idan Allah Ya hore wa ɗayanmu zuwa can, to bayan yashin ya leƙa kogon zane na Galdar, ya ga gidajen mutanen farko.

Muna jiran ra'ayoyinku da gyararrakinku. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa.